Ayo Bankole, Haifaffen Jos, da Sauyin Kiɗan Majami'a daga Ogan zuwa Fiyanon Lantarki

Shekarar 1976 ta ƙunshi al'amura biyu waɗanda ba a saba ambatonsu tare ba, ko da yake duk mai son fahimtar yadda kiɗan majami'a ya sauya a Nijeriya zai ƙaru idan ya jera su wuri ɗaya. A ranar 3 ga Fabrairu gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Dokar Soja mai lamba 6, wadda ta keɓe yankin Babban Birnin Tarayya a ƙasar Gbagyi da maƙwabtansu, a ranar 6 ga Nuwamba kuma aka kashe Ayo Bankole tare da matarsa a Legas, yana da shekara 41, a daidai lokacin da ake lissafa shi cikin gwanayen ogan da fiyano da rubuta kiɗa waɗanda ƙasar ba ta da kamarsu. Abuja, wadda gwamnati ba ta tare a cikinta ba sai ranar 12 ga Disamba 1991, ta gina majami'unta ne bayan tsarin da ya raini irin su Bankole ya fara sukurkucewa, saboda haka kiɗan da ake ji a cikinta ranar Lahadi ɗan wani zamani ne dabam, mai nasa alheri da nasa rashi.

An haifi Bankole a Jos ranar 17 ga Mayu 1935, lokacin da haƙar kuza ta mai da garin mahaɗar Hausawa da Yarbawa da Ibo da Turawa da mutanen tsaunukan Filato, kuma jirgin ƙasa, wanda ya iso ta ƙaramin layin Zariya tun wajen 1914 sannan ta babban layin Kafanchan a 1927, yana sauke akawuna da malamai da 'yan kasuwa daga Kudu tare da littattafan waƙoƙinsu. Mahaifinsa, Theophilus Abiodun Bankole, shi ne mai kaɗa ogan kuma shugaban mawaƙa a majami'ar Angalikan ta St. Luke da ke Jos, mahaifiyarsa ma malamar kiɗa ce, don haka yaron ya buɗe ido ya tarar da sana'ar a cikin gida. Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi cewa rabon Arewa a cikinsa bai wuce na ƙuruciya ba, domin a 1941 aka kai shi Legas wurin kakansa Akinje George, mai kaɗa ogan a majami'ar Baptis ta farko a birnin, wanda ya ɗora shi a kan fiyano da ƙaramin ogan, kuma harshen da ya yi wa hidima har ƙarshen ransa Yarbanci ne.

Kayan kiɗa biyun da rayuwarsa ta rataya a kansu sun yi kama a ido amma sun sha bamban a aiki. Fiyano, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma kowane maɓalli yana tunkuɗa wata 'yar guduma mai lulluɓin ulu ta bugi tsirkiyar ƙarfe, shi ya sa sautinsa yake fita da ƙarfi ko a hankali gwargwadon nauyin yatsa, sannan ya dushe da kansa. Ogan kuwa iska ce ke busa bututunsa, sautin ba ya yankewa muddin yatsa na kan maɓalli, mai kaɗa shi kuma yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu, domin akwai wasu maɓallan katako a ƙasa waɗanda ake takawa su ba da amo mai kauri. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga labarin Bankole, saboda ogan ya dace da jan taron masu sujada a kan doguwar waƙa, fiyano kuma, da yake abin bugawa ne, ya fi kusa da ganga, kuma ta nan ne marubutan kiɗa na Afirka suka sami ƙofar shiga.

Legas da ya girma a cikinta tana da sarƙa mai zobe uku, wato majami'a da gidan rediyo da tallafin karatu na gwamnati, kuma kowane zobe yana miƙa yaro mai baiwa ga na gaba. A babbar majami'ar Angalikan ta Christ Church akwai Thomas Ekundayo Phillips, wanda ya yi karatu a Kwalejin Kiɗa ta Trinity a Landan, ya riƙe ogan da ƙungiyar mawaƙa daga 1914 zuwa 1962, ya kuma wallafa littafi a kan kiɗan Yarbawa a 1953. A gidan rediyon ƙasa kuma akwai Fela Sowande, almajirin Phillips, wanda ya komo daga Ingila a farkon shekarun 1950 ya shugabanci sashen kiɗa. Bankole ya gama makarantar Baptist Academy, ya shiga gidan rediyon a 1954 a matsayin akawu, Sowande ya lura da shi ya ƙara masa ilimin ogan, Phillips kuma ya ɗauke shi mataimaki, har a 1957 gwamnatin tarayya ta ba shi tallafin zuwa Makarantar Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Guildhall a Landan. Cewa akawun ofis zai iya bin wannan tsani har ya kai ƙololuwa, da kuɗin jama'a, shaida ce ta wani ƙuduri da hukumomin wancan lokaci suke da shi game da fasaha, ƙudurin da ya cancanci a yi kewarsa.

Matsalar da Phillips ya gadar wa almajiransa ta harshe ce. Yarbanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, ma'ana hawa da saukar murya a kan gaɓa yana cikin abin da ke bambanta kalma da kalma, kuma Yarbanci yana da matakai uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Da 'yan mishan suka fassara waƙoƙin yabo na Ingila suka ɗora su a kan karin Turai yadda yake, sai muryar waƙa ta riƙa hawa inda kalma ke son sauka, har jama'a su rera abin da ba shi suke nufi ba, wani lokaci ma abin da ba shi da ma'ana ko kaɗan. Maganin da Phillips ya bayar shi ne a fara da kalma, a saurari yadda take tashi da faɗuwa a bakin mai harshen, sannan a gina karin waƙa a kanta, galibi da matakan sauti biyar da waƙoƙin gargajiya suka fi amfani da su maimakon bakwai na Turai. Abin da ke da wuya shi ne idan an raba mawaƙa murya huɗu, domin ƙa'idar Turai tana son wata murya ta hau yayin da wata ke sauka, alhali karin harshe yana tilasta wa dukkansu su bi hanya ɗaya, kuma a warware wannan ƙulli ne gwanintar Bankole ta fi bayyana, inda yakan sa muryoyin su shigo bi da bi suna kwaikwayon juna, kowace tana kiyaye karin kalmominta ba tare da ta zama inuwar 'yar'uwarta ba.

Shekarunsa na waje sun tafi a jere ba tare da tangarɗa ba. Bayan Guildhall ya sami gurbin mai kaɗa ogan a Kwalejin Clare ta Jami'ar Kambirij daga 1961 zuwa 1964, inda ya yi digiri, ya kuma ci jarrabawar zama cikakken ɗan Kwalejin Sarauta ta Masu Kaɗa Ogan, matsayi mafi girma a wannan fanni a Birtaniya, wanda kafin shi Sowande ne kaɗai ɗan Nijeriya da ya samu, a 1943. Daga nan Gidauniyar Rockefeller ta ɗauki nauyinsa zuwa Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a Amurka, ya karanci ilimin kiɗan al'ummomi, wato nazarin kiɗa a cikin al'adar da ta haife shi, kafin ya komo gida a 1966.

Ayyukan da ya rubuta yana ɗalibi su ne suka fi nuna irin zuciyarsa. Sonata, a istilahin Turai, dogon kiɗa ne mai babi uku ko huɗu wanda aka tsara wa kayan kiɗa ɗaya ko biyu ba tare da waƙar baki ba, kuma sonatarsa ta biyu ta fiyano, wadda ya rubuta a 1959 ya sa mata suna The Passion, tana bin labarin shan wuyar Almasihu kamar yadda yake a Linjila: babin farko farautar da aka yi masa don a kashe shi, na biyu gicciyewa, na uku kuma waƙar Maryamu. Babu kalma ko ɗaya a cikinta, amma Bayarben da ya tashi a majami'a yana jin karin waƙoƙin ibadarsa a ƙarƙashin yatsun mai kaɗawa, yayin da Bature ke jin ginin sonata da ya sani, kuma babu ɗayansu da aka yaudara. Shekara ɗaya bayan haka ya rubuta Toccata and Fugue ta ogan, wadda rabinta na farko kiɗa ne mai gudu da ke gwada zafin hannu, rabi na biyu kuma salo ne da kari ɗaya ke shigowa murya bayan murya yana saƙuwa da kansa kamar zaren tsaye da na kwance a masaƙa, kuma a nan ya yi nisa cikin sautuka masu karo da juna irin na Turan ƙarni na 20. Sai kuma waƙoƙin Yarbanci uku da ya tsara wa murya mai kauri da fiyano, waɗanda ɗayarsu a kan uwa take, wata kuma a kan zaki. Tsaransa Akin Euba, wanda shi ma aka haifa a 1935, shi ne daga baya ya raɗa wa wannan hanya sunan fiyanon Afirka, yana nufin a sa fiyano ya yi hali irin na ganga da balafon, da maimaita gajeren kari, da haɗa bugu biyu masu saɓanin ƙidaya a lokaci ɗaya, kuma ko da yake Euba ne ya tsara ra'ayin a rubuce, akwai alamunsa a ayyukan Bankole tun kafin a ba shi suna.

Da ya komo, ya riƙe muƙamin babban mai shirya shirye-shiryen kiɗa a gidan rediyon ƙasa, a 1969 kuma ya koma koyarwa a Jami'ar Legas, yana kafa ƙungiyoyin mawaƙa na ɗaliban sakandare da na jami'a, yana rubuta musu abin da muryoyinsu za su iya ɗauka. Wannan ɓangare na aikinsa ba shi da ƙyalli, amma shi ne ya fi shiga jama'a. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne kantata, wato doguwar waƙar ibada mai sassa da yawa ta ƙungiya da masu rerawa su kaɗai da kayan kiɗa, wadda ya rubuta a 1974 domin bikin al'adun baƙar fata na duniya da ake kira FESTAC, inda ya zaunar da ogan da kayan busa na Turai tare da gangunan gida. An ɗage bikin har zuwa 15 ga Janairu 1977, lokacin da aka buɗe shi a Legas, aka kuma yi hawan daba a Kaduna, amma marubucin kantatar ya riga ya kwanta dama wata biyu kafin nan, ta hannun wani ɗan'uwansa. Kaɗan daga ayyukansa Maɗaba'ar Jami'ar Ife ta buga a shekarun 1970, wasu bayan rasuwarsa, masana irin su Godwin Sadoh sun yi rubutu a kansa, ɗansa Ayo Bankole ƙarami kuma ya gaji sana'ar.

A Arewar da ya baro yana ɗan shekara shida, kiɗan majami'a ya bi wata hanya wadda ba ta ratsa ta Landan ba. Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, mishan ɗinsa ya koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma Hausa ta zama harshen sujada ga ɗimbin al'ummomin Filato da kudancin Kaduna da Bauchi da Adamawa waɗanda kowace ke da nata harshe, a ƙarƙashin ikilisiyoyin da suka zama ECWA da COCIN da EYN da LCCN. Littafin Waƙoƙi da suke rerawa fassara ce mafi yawansa, a kan karin Ingila da Amurka, kuma ya gamu da irin matsalar da Phillips ya gano, har da ƙari, domin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya, wato bambancin gaɓa mai sauƙi da mai nauyi, kuma karin baƙo yakan ja gajeren wasali ya gajarta dogo. Waɗanda suka warware wannan a aikace ba masu digiri ba ne, matan zumunta ne. Ƙungiyoyin zumuntar mata sun tsara nasu waƙoƙi da salon bayarwa da amshi, suka kawo tulun ƙasa wanda ake bugun bakinsa da soso ya ba da amo mai zurfi, da ƙuge, da gora mai duwatsu, suka ɗora labaran Littafi Mai Tsarki da gargaɗin zaman aure da ta'aziyya a kan karin da ya bi harshe ba tare da wani ya koya musu ƙa'ida ba. Abin da Bankole ya cimma da alƙalami sun cimma shi da kunne, kuma rashin adalci ne a lissafa nasa a matsayin fasaha a bar nasu a matsayin al'ada kawai.

Abin da ya sauya komai, Kudu da Arewa, shi ne fiyanon lantarki mai araha na kamfanoni irin su Yamaha da Casio, wanda ya bazu daga shekarun 1980, ba ya bukatar mai gyaran tsirkiya, hunturu ba ya fasa masa katako kamar yadda yake yi wa fiyanon asali, ana ɗaukarsa a bayan babur, kuma a cikinsa akwai muryar ogan da ta sarewa da ta ganga. Tasirinsa bai tsaya a majami'a ba: a Kano, daga ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ne ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999, har kalmar fiyano ta shiga muhawarar malamai da masu bege a kan ko ya halatta a yabi Annabi da shi ko a tsaya ga mandiri. Na'ura ɗaya ce ke hannun yaron situdiyo a Kano da yaron kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, a Karu da ke gefen Abuja, kuma sau da yawa hanyar koyonsu ma ɗaya ce, wato kallon hannun wanda ya riga su.

Abuja tana nuna dukkan matakan wannan tarihi a rana ɗaya. A tsakiyar birni akwai Cibiyar Kirista ta Ƙasa, wadda aka keɓe a watan Oktoba 2005, da babban ogan mai bututu wanda ake ji a bukukuwan ƙasa. Majami'un Angalikan da na Katolika, irin su Cathedral Church of the Advent da Our Lady Queen of Nigeria da ke Garki, suna riƙe da ƙungiyoyin mawaƙa masu murya huɗu. A kan hanyar filin jirgin sama kuma akwai katafaren zauren Glory Dome na ikilisiyar Dunamis, wanda aka buɗe a 2018, inda fiyanon lantarki da gita da ganguna ke aiki ta lasifika. Amma mafi yawan masu sujada da Hausa suna garuruwan gefe ne, Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Mararaba, kuma a can ne ake ganin yadda sana'ar take a yau. Da yamma, ranar koyon waƙa, shugaban kwaya yakan rubuta haruffan do, re, mi a allo da alli, bisa tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 domin waɗanda ba su karanta rubutun kiɗa mai layi biyar, yana koya wa kowace murya nata kashi har ta haddace. Mai fiyano, wanda galibi saurayi ne ɗan shekara ashirin ko ƙasa, ba ya duban allon. Yana jiran mai bayarwa ta ɗaga murya, ya lalubo matakinta da yatsa ɗaya cikin daƙiƙa biyu ko uku, in matakin ya faɗa inda hannunsa bai saba ba sai ya danna maɓallin da ke ɗaga sauti ko sauke shi, ya ci gaba da kaɗawa a wurin da ya iya. Idan wuta ta ɗauke kafin a tayar da janareta, tulun mata ne ke riƙe waƙar.

Ribar wannan sauyi babba ce, kuma bai kamata kewar ogan ta rufe ta ba. A zamanin Bankole, wanda zai taɓa fiyano sai ɗan gidan da ke da shi ko yaron babbar majami'a, yau kuwa ɗan leburan gini a Mararaba yana iya zama gwani, kunnensa ma ya fi na ɗaliban makarantun kiɗa da yawa kaifi. Waƙar bishara da Hausa ta fita daga littafin fassara ta sami mawaƙanta, daga Panam Percy Paul zuwa Jeremiah Gyang da Solomon Lange, har wanda ba ya jin Hausa a Legas ko Fatakwal yana rera amshinsu. Rashin kuma yana wajen rubutu da dogon numfashi. Kiɗan da ba a rubuta ba yakan tsaya a iyakar abin da hannu ya saba da abin da taro zai iya amsawa nan take, da wuya ya kai ga gini mai babi uku wanda ke ɗaukar jigo ɗaya ya juya shi ta fuskoki dabam-dabam, kuma maɓallin ɗaga sauti, duk da sauƙin da ya kawo, ya hana matasa da yawa sanin matakai goma sha biyun da kayan kiɗan ke da su. Sarƙar nan mai zobe uku ma ta tsinke: gidajen rediyo sun daina zama wurin da ake ba marubucin kiɗa aiki, kuma nauyin horarwa ya koma kan ƙungiyoyi masu zaman kansu, irin su MUSON da aka kafa a Legas a 1983, da AMEMUSO mai shirya bikin Operabuja a Abuja.

Tambayar da Bankole ya amsa wa Yarbanci tana nan a buɗe ga Hausa, kuma kayan aikin amsa ta sun fi yawa fiye da yadda ake zato. Hausa tana da karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, tana da ma'aunin gaɓa wanda marubuta waƙoƙi tun daga zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u suka gina baitoci a kansa, tana da kalangu mai kwaikwayon magana da taken sarakuna da na sana'o'i, tana kuma da ɗaruruwan waƙoƙin zumuntar mata waɗanda ke yawo a ka da kaset da wayar hannu, tsofaffin da suka tsara su kuwa suna ta raguwa. Marubucin kiɗan da zai yi wa wannan gado abin da aka yi wa na Yarbawa yana bukatar kunnen yaron Nyanya da horon Guildhall a jiki ɗaya, kuma aikinsa na farko, kafin sonata ko kantata, shi ne ya zauna da matan nan ya rubuta abin da suke rerawa yadda suke rera shi, da tsawon kowace gaɓa da bugun tulun da ke ƙarƙashinta.